Wayata a Ledar Direba

Shekarar da gwamnati ta katse layukan waya a Zamfara, wai don a toshe bakin 'yan bindiga, wayata ta fi ni yawo. Ina Gusau, yayata tana kwance a asibiti a Kaduna, ba ni da hanyar jin halin da take ciki.

Direbobin tasha ne suka fito da dabara. Ka rubuta saƙonka, ka danna, ka ba direban da zai je Funtuwa wayar. In ya wuce Tsafe ya shiga ƙasar Katsina, sai sabis ya kama, naka ya fita, na waje su shigo. Da la'asar ya dawo da wayoyin a leda, kowace da sunan mai ita manne a baya.

Wata Talata direban ya miƙo mini tawa, ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ce, "Malam, tunda muka shiga Funtuwa take ƙara, ban ɗauka ba."

A tsaye na buɗe. Ɗan yayata ne ya rubuto: "Kawu, Inna ta rasu tun Asabar. Mun neme ka har mun gaji." A Talatar nan kuma nawa saƙon ya isa, ina tambayar ko ta fara cin abinci.

A makon ne aka sace maƙwabcina a hanyar Bungudu. Washegari masu garkuwa suka aiko wa iyalinsa da sharuɗɗansu ta bakin wani da suka sako. Su da aka rufe layin dominsu, saƙonsu bai makara ba.