Tukunyar Nna Teni

A unguwar Masaga ta Bida, inda maza ke narka kwalba su mai da ita duwatsun wuya, Nna Teni ta tsufa tana jera duwatsun a zare. Tsarinta ɗaya ne tun tana budurwa: shuɗi, fari, shuɗi, fari. Mace ce mai tsanani. In ta ga shuɗi biyu sun haɗu a zaren wata, sai ta sa a warware, ta kuma bi da gori.

Da yanar ido ta rufe mata gani, ɗanta Ndagi ya ce ta ajiye zare ta huta. Ya faɗa ne da tausayi, amma ita abin da ta ji shi ne an gama da ita, saura a ajiye ta a lungu ana miƙo mata shinkafa. Ta ƙi. Ta juye shuɗi da fari a tukunya ɗaya, tunda yatsa ba ya ganin launi, ta ci gaba da zarowa ɗaya bayan ɗaya. Mata suka yi ta ƙunshe dariya, Ndagi kuwa ya kwashe zarurrukan ya kai rumfar kasuwa don kada ranta ya ɓaci.

Sai ga wata 'yar kasuwa daga Onitsha ta tsallake duk na masu ido, ta kwashe na makauniya, ta ce a ƙaro.

Nan fa masu dariya suka koma kwaikwayo. To, kowa ya san hannun mai ido bai da haƙuri: shuɗi uku suka jeru, sai ka ga ya zabura ya nemo fari. Wasu suka rufe ido, amma sai an ɗan leƙa. Baƙuwar na dawowa ta tsince na Teni daga cikin tulin kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Abin ya fi ba Teni kanta mamaki. Tukunya ɗaya, hannu ɗaya, amma ba a taɓa samun zare biyu iri ɗaya ba. A wani zaren launin ya yi ta juyawa, a wani kuma ya daɗe bai juya ba, kuma ba mai iya cewa ga abin da zai biyo. Har tsoro-tsoro take ji in ta zura hannu, don ta san ba ita ke zaɓa ba.

Wata safiya ta ɗaga zaren da ta gama, ta tambayi aminiyarta Gogo Wodu me ya fito.

"Shuɗi ne zalla, kusan taƙin hannu guda, sannan fari ɗaya tal," in ji Wodu. "Wallahi, tsohuwa, ban taɓa ganin mai kyansa ba."

Teni ta daɗe tana shafa zaren.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Kin san da ina gani, da tuni na warware shi."