Bokitin Wankin Kwanon Inna

"Inna, ruwan nan tun safe kike wanke kwanuka da shi! Shi ya kwantar da ni!"

Haka na dirar wa mai garau-garau a tashar Magama, ina nuna bokitinta da ƙudaje suka rufe. Gudawa na sha ni kaɗai a ɗakin haya, ko ƙofa ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Ta ɗago. "Ashe ciwo ka yi, ɗana? Ni ko na yi ta tambayar direbobi ina mai faɗan nan ya shiga."

Na zubar da ruwan, na ɗebo mata sabo.

Duk garin nan, wadda ta kwantar da ni ce kaɗai ta lura ba na nan. Ku fa, wa zai neme ku?