Kumburin Idon 'Yata

Ni mutum ne mai zargi, ko mai keke ya rage mini kuɗi sai na duba aljihuna. Da wannan halin na kai 'yata asibiti tana wata huɗu, saboda wani jan kumburi a fatar idonta na hagu. Da fari mun ɗauka tawadar Allah ce, sai ga shi yana girma har ya fara rufe idon.

Likitar 'yar Kudu ce. Ta shafa wani mai, ta ɗora na'ura, allo ya cika da ja da shuɗi.

"Jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe," in ji ta. "Baba, kar kowa ya tsaga. In ido ya daɗe a rufe, zai manta gani."

Ta ba mu maganin sha, ta ce irin na masu hawan jini ne, an rage ƙarfinsa. Nan raina ya ɓaci. Hawan jini ga jaririyar da ko haƙori ba ta da shi? Na ce a raina gwaji ake so a yi da 'yar talaka. Muna komawa gida Ƙofar Ran na cusa kwalbar cikin aljihun babbar rigata, na hana uwarta ko tambaya. Wata biyu ina yi wa yarinyar duk shafe-shafen da aka kwatanta mini.

Da idon ya rufe ruf, na ɗauke ta zuwa wurin tsohon wanzamin da ya yi mini kaciya. Shi kam na yarda da shi. Ya danna wurin da yatsa, ya yi fari. Ya ɗaga, jan ya dawo nan take.

"Me likita ta ce?"

"Ba mu je ba, Baba."

Ya dube ni, ya mayar da aska cikin zabira. "Ai kun je. Ga ƙarya nan a goshinka. In na sa ƙarfe a nan, daga zauren nan sai makabarta."

Har shi sai da na zarga, na ce ko uwarta ce ta riga ni zuwa. Amma tsoro ya kama ni, ranar muka fara ba ta maganin.

Kumburin ya sace a hankali. Idon ne bai dawo daidai ba. Yanzu tana aji uku, takan karkata kai in za ta karanta allo. Ran nan ta tambaye ni dalili. Uwarta tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta bar ni da amsar.