Horon Lofen Manu

Yayana Sahabi manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, a wani ƙauye bayan Magami inda aka haife mu. Amma in ka tambayi mutanen yankin, ba noma za su fara faɗa maka ba, horon lofe za su ce. Haka yake kiran abin, horo, sai ka ce maraƙin huɗa aka kawo masa.

Ni Shafa'atu ban taɓa son warin taba ba, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Sai dai abin da ka tashi kana gani, ko ba ka so sai ka san shi. Sabon lofe, wato tukunyar taba ta yumɓu mai dogon kara, ɗaci gare shi, ga ƙona harshe, ga ƙarnin ƙasa. Mashaya ba su da haƙurinsa, sai su kawo wa Yaya. Ya lakaci zuma ya shafe cikin tukunyar, ya bar ta a inuwa ta bushe. Ya sa taba ɗan tsunkule, ya ja a hankali, ya ajiye sai ta huce sarai kafin ya sake. Kullum yana ƙara tabar kaɗan-kaɗan har baƙin ƙanzo ya kama cikin. Karan kuwa gashin zabo yake zura masa, ya fito da baƙin maiƙo ya goge a dutse. Ruwa ba ya taɓa lofe. Marigayiya matarsa ta taɓa wanke wani da toka wai tsabta, ranar ko tuwonta bai kalla ba.

Da harshe yake gane horo ya kai. Ranar da ya ja ya ji taba zalla, babu ɗaci babu ƙasa, sai ya ce ya nuna, ya kai wa mai shi. Abin bai cika wuce wata ɗaya ko biyu ba.

Cikin masu kawo masa akwai Manu, Bafulatani, rugarsu na gabas da gonar Yaya. Da rani shanunsa a gonar suke kwana su bar taki. Tun suna samari suke tare, kuma duk lofen da Manu ya sha a duniya ta bakin Yaya ya fara biyowa. Yaya ya ce nono ne ya mayar da harshen Manu na jarirai. Manu ya ce ai dama Allah ya yi Bahaushe don shan wuya. Su yi ta dariya kamar ba dattawa ba.

Lofen ƙarshe a kasuwar Tsafe Manu ya saye shi, hannun wata tsohuwa mai ginin tukwane daga Kwatarkwashi, ja ne mai zane a wuya. Farkon damina ya ba Yaya. Ba a kai girbi ba 'yan bindiga suka shigo ƙauyen da hantsi. Mahadi, ɗan Yaya namiji tilo, yana gona, can aka ɗauko gawarsa. Ba a jima ba 'yan sa-kai suka nufi rugar su Manu, ba su tsaya tambayar wa ya yi wa bai yi ba. Umar ɗan Manu na cikin waɗanda aka kashe. Ruga ta watse, ƙauye ma ya watse. Yaya ya sauka gidana a Gusau da buhun tufafi ɗaya da lofen Manu a aljihu.

Bai yi kuka ba. Masu ta'aziyya suna addu'a yana cewa amin, idonsa na kan tabarma. Da aka watse sai ya koma gindin darbejiyar ƙofar gida ya ci gaba da horo. Damina ta wuce, wata ta zo, wata ta sake zuwa, yana nan, ya ja, ya ajiye, ya zura gashin zabo. Mijina Idris ya fara ƙorafi a ɗaki, limamin unguwa ya yi wa'azin taba yana satar kallon gidanmu. Ni kuwa haushi da tausayi suka haɗe mini har ban san wanda ya fi ba.

Wata rana na fita na tsaya a kansa. Na ce, "Yaya, wai wannan lofen raƙumi ne da horonsa ba ya ƙarewa? Shekara uku fa."

Ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya ce, "Shafa, ban san ko ya nuna ba. Tun ranar Mahadi harshena ba ya jin komai. Tuwonki da ƙasa duk ɗaya. Kuma ban taɓa ba Manu ɗanyen lofe ba."

Na koma ciki na zauna gaban murhu, ban hura ba.

Daga baya wata mai kawo mana nono ta ce mini ta ga Manu a Bungudu, yana zuwa kasuwar dabbobi. Na faɗa wa Yaya, na ce ya kai wa mai abu abinsa, shi ya ɗanɗana ya yanke hukunci. Idris ya ce mu yi hankali, yanzu Bahaushe ya tsaya da ɗan ruga sai a ce infoma ne, mai kai wa ɓarayi labari. Na ce infoma da lofe? A ce ɗin. Ranar kasuwa na yafa mayafina muka shiga mota tare, don ban yarda ya tafi shi kaɗai ba.

Mun same shi a wajen awaki. Manu mai garke guda, yana riƙe wa masu saye igiya. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Da ya ga Yaya bai tashi ba, ya dai matsa gefe a kan bencin da yake zaune. Suka gaisa, ya gida, ya gajiya, ya iyali.

"Ya ƙarin haƙuri, Sahabi?"

"Da godiya. Ya naka haƙurin?"

"Da godiya."

Babu wanda ya ambaci sunan ɗan wani. Mutane na wucewa suna kallonmu, wani har ya tsaya ya ƙare mana kallo.

Yaya ya ciro lofen daga tsumman da ya naɗe shi. Jan ya koma baƙi yana ƙyalli. Ya cusa taba da babban yatsa, ya ƙyasta ashana, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce, "Ga ajiyarka. Ja ka faɗa mini."

Manu ya ba ni igiyoyin na riƙe. Ya ja, ya saki hayaƙin a hankali, ya sake ja. Yaya ya zuba wa bakinsa ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Ya nuna?"

Manu ya kalli lofen, ya kalli ƙasa. Ya ce, "Ban sani ba, Sahabi. Ni ma tun ranar Umar ko nono na sha kamar ruwa ne."

Tabar ta mutu a tukunya. Sai Manu ya ƙwanƙwasa tokar a gefen benci, ya naɗe lofen cikin tsumman, ya ɗora a cinyar Yaya.

"Ƙara masa kwana. In ɗayanmu ya fara ji, sai ka kawo."

Yaya ya sa shi a aljihu. Na mayar wa Manu igiyoyinsa, muka nufi tasha, ba wanda ya waiwaya. Washegari da safe na ji Idris zai fara magana kan warin taba, na ce masa ya yi shiru. Yaya na gindin darbejiya yana neman gashin zabo.