Fitilar motar ɗan kawuna

Shekarun baya, ɗan kawuna da ke zaune a Ingila ya tuƙo motarsa tun daga can har Madina, a kan hanyarsa ta zuwa umra. Ranar da ya iso gidanmu a unguwar Al-Khalidiyya, nan Madina, mahaifiyata har guɗa ta yi. Ni ma, ban ɓoye muku ba, na shiga na riƙe sitiyarin da ke hannun dama aka ɗauke ni hoto, ina ta washe baki.

Da magariba muka fita sayen dabino. Duk motar da ta tunkaro mu sai ta walƙa mana fitila, wasu har da hon. Na tambaye shi ko babbar fitila ya kunna, ya ce a'a, mutanen nan ne ba su saba ganin mota mai kyau ba. Na haɗiye maganar, tunda baƙo ne.

Kwana kaɗan bayan haka, muna dawowa daga sallar isha'i, muka shigo layinmu daidai lokacin da maƙwabcinmu yake fitowa a tasa motar. Dattijo ne ɗan Sudan, yana da shagon ɗinki a Al-Azizya. Hasken ya dalle masa ido, ya kauce, ya daki sandar lantarki. Goshinsa ya fashe, gilashin idonsa ya karye. Ni na kai shi asibiti, jini duk ya ɓata min riga, shi kuwa ɗan kawun nawa yana tsaye yana duba ko an goge masa fenti.

Da na dawo gida sai na tarar yana yi wa mahaifiyata bayani hankali kwance. Wai motocinsu hagu suke bi, don haka hasken fitilunsu gefen hagu yake karkata, a nan kuma hagu idon mai tahowa ne. Wai akwai 'yar leda da ake mannawa a fitilar ta tare hasken, kuma ya manna ta duk tsawon Turai saboda 'yan sandansu ba sa wasa. Na ce to ina take? Ya ce ya ɓare ta kafin ya shigo Madina, tana ɓata masa hoto.

Na ce, "Wato 'yan sandan Turai ka ji tsoro, idon mutanenmu kuma ko oho?"

Mahaifiyata ta ce, "Khalas, ya isa. Baƙon Manzon Allah ne, ba za a ci fuskarsa a gidana ba."

Washegari ni aka ɗora wa kular abinci aka tura ba da haƙuri. Dattijon, da bandeji a kai, ya ce ba komai ɗana, ƙaddara ce. Wannan sanyin nasa ya fi ƙona min rai. Shago ya daɗe a rufe, don ba ya iya zura zare sai da aka yi masa sabon gilashi. Ɗan kawuna bai taka ƙofarsa ba har ya tafi. Daga baya ma na ji yana ba dangi labari cewa 'yan Madina ba su iya tuƙi ba.

Mun shirya tuni, muna gaisawa da salla. Amma har yau ban yarda cewa karrama baƙo yana nufin a hana shi jin kunyar abin da ya yi ba. Dattijon ya rasu bara, Allah Ya ji ƙansa. Da tabon aka kai shi kabari, kuma haƙurin da aka ba shi daga bakina ya fito, ni da ko makullin motar ban riƙe ba.