'Yar Farin da Ba a Ƙirga Ba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, a Tudun Wada. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ambaci sunana ba. In tana nemana sai ta ce da ƙannena su kira mata waccan. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na ga iyaye mata da yawa suna yi, kunyar ɗan fari ce, kuma ko ba ta faɗa ba na san matsayina a wurinta.

Bayan na gama digirina a fannin ƙididdiga, sai na sami ɗan aiki a wani ƙaramin ofishin bincike da ke tattara bayanai kan haihuwa da lafiyar yara. Shugabarmu wata Hajiya ce da ta daɗe a harkar, mace mai kaifin basira, wannan kam ba zan hana ta ba. Ita ta koya mini yadda ake tsaftace alƙaluma, kuma takan rage mini hanya a motarta in za ta wuce Hanwa. Mama nake ce mata.

A wani aiki da muka yi a unguwannin Zariya, alƙaluman sun ƙi daidaituwa. Shekarun da mata suka yi da aure ba su dace da shekarun manyan 'ya'yansu ba, kamar kowace sai ta daɗe kafin haihuwar farko. Mama ta zargi masu shiga gidaje da sakaci. Ni ma na zargi kaina, na yi ta sake lissafin ina tsoron ko ni ce na ɓata wani abu.

Ana cikin haka aikin ya iso layinmu. Ina tsakar gida ina wanki wata abokiyar aikina, 'yar Wusasa, ta zauna da Inna tana tambayar ta 'ya'yanta. Inna ta fara daga ƙanena mai bi mini, ta jero su har auta. Na ce, "Inna, ni fa?" Ta harare ni, ta ce da baƙuwar ta rabu da ni, ba ni da ta ido. Muka yi dariya duka. Amma ni hannuna na cikin kumfa na ga inda 'ya'yan fari suke ɓacewa a alƙalumanmu.

Na yi kwanaki ban faɗa wa kowa ba, ina tsoron kada a ce na gina magana a kan uwata kaɗai. Sai da na koma wasu gidaje na gwada. In uwa ta gama jero 'ya'yanta, sai in sassauta murya in tambaye ta ko akwai wanda ake jin kunyarsa. Wata ta sunkuyar da kai, wata ta nuna da baki, wata kuma surukarta ce za ta amsa daga ɗaki. Ba kowace ba, ba na son in yi ƙari, amma sun isa su karkatar da sakamako.

Da na kai wa Mama, ta rungume ni. Aka saka tambayar a aikin, aka sake zagayawa, alƙaluma suka zauna. Abu ɗaya na roƙa, shi ma da ƙyar na iya furtawa: a sa sunana a rahoton, domin ina neman gurbin digiri na biyu kuma ba ni da wani aiki da zan nuna. Ta ce wannan ai ba sai na roƙa ba.

Rahoton ya fito daf da wani taro da aka shirya don karrama matan da suka yi fice a ƙididdiga, kuma Mama na cikin waɗanda za a ba lambar yabo. Ni na raba ruwa da takardun shiri a bakin ƙofa, da murnata. A nan na buɗe kwafin rahoton guda. Sunanta ne kaɗai a bango. Na duba shafin godiya, na ga an gode wa matasan ofis a dunƙule. Na ce wa kaina wataƙila kuskuren maɗaba'a ne.

Sai ta hau mumbari. Ta yi magana mai kyau kan yadda ake mantawa da aikin mata, har na ji idona ya ciko. Daga nan ta ba da labarin wata rana da ta zauna a wani tsakar gida a Tudun Wada, ta ji uwa ta tsallake 'yarta ta fari, 'yar kuwa tana gefe tana wanki. Ta ce a nan Allah ya buɗe mata ido. Zaure ya ɗauki tafi. Abokiyar aikina ta juyo ta dube ni, ni kuwa na dubi robar ruwan da ke hannuna. Ina cikin labarin, amma a matsayin mai wanki.

Washegari na sami Mama a ofis. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce ko mantuwa aka yi, ko ni ce ban fahimci yadda ake yi ba. Ta yi murmushi, ta dafa kafaɗata.

"Haba 'yata. Ke ce 'yar farina a ofishin nan. Kin taɓa ganin uwa ta kama sunan 'yar fari a cikin mutane?"

Mai yiwuwa wasa take yi. Na juya maganar sau da yawa ina nema mata uzuri, ban samu ba. Inna tana ɓoye sunana, amma duk layinmu an san ni tata ce, kuma ba ta taɓa ɗaukar abina ta ce nata ne ba.

Na nemi gurbin karatun ba tare da rahoton ba, ban samu ba. Ba zan rantse cewa shi ne dalili ba. Na bar ofishin a ƙarshen wannan watan, na yi mata sallama ina ce mata Hajiya, ban ce Mama ba. Ina jin ta lura.