Tarin Yaya da Jaruman Majalisa

Wautar tawa ƙarama ce, tsokana ce kawai. A makon farko na kullen korona na leƙa majalisar samarin layinmu a Ƙofar Jatau, na ce musu tarin da Yaya yake yi kwanan nan ba irin na da ba ne. Ƙarya nake yi. Asma ce da shi tun yana goye, kuma duk sun sani.

Yaya ne mai dafa musu shayi, shekara da shekaru kofi ɗaya ke zagaya bakinsu. Waɗannan jarumai su ne masu rantsuwa kullum cewa babu wata korona, cutar masu hawa jirgi ce. Amma da Yaya ya fito da butarsa bayan la'asar ya yi tari ɗaya, sai benci ya zama wayam. Wani har takalminsa ya bari. Washegari suka mayar da majalisar ƙofar wani gida, ba su gaya masa ba.

Yaya ya shige ɗaki. Ya daina wanka, abinci sai an yi da gaske, abin shaƙarsa kullum a hannu ko numfashinsa lafiya lau. Ya ce wa Inna ai in cutar ta shigo gidan shi za ta fara ɗauka, to wahalar me zai yi.

Sai masana suka taso. Kawu ya ce sangarta ce, a zamaninsu ba a san wata damuwa ba, shi da ya yi sati uku yana gaba da duniya don an sace masa rediyo. Gwaggo ta ce aljanu ne, ta turnuƙe ɗakin mai asma da hayaƙi, sai a keke mai ƙafa uku aka kwashe shi zuwa asibiti.

Can likita ta tambaye shi ban da ƙirjin me ke damunsa. Yaya ya fashe da kuka. A hanyar gida na faɗa masa ni ne na jawo.

"Na sani," ya ce. "Kai yaro ne. Su fa?"

An haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, ya warware a hankali. Da aka buɗe gari jaruman suka aiko ya dawo, wai shayin sabon mai dafawa kamar ruwan wanke-wanke. Bai koma ba. A tsakar gida yake dafawa yanzu, ni da Inna muke sha.